Mata a Sana'ar Ɗab'i: Hanyoyin Shiga, Cigaba da Sauyin Aiki

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki littafi ya buɗe, sunan marubuci yake fara gani, sa'an nan sunan kamfanin da ya wallafa. Ba safai akan tuna da hannayen da littafin ya ratsa kafin ya iso gare mu ba, watau wanda ya jera baƙaƙe, da wanda ya duba kurakurai, da wanda ya juya inji, da wadda ta ninke takardu ta ɗinke su. Mu masu nazarin harshe da adabi mun fi kowa laifi a nan, domin kuwa abincinmu a hannun waɗannan mutane yake, amma ba mu cika waiwayarsu ba.

Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare na waɗannan ma'aikata, watau mata. Za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da suka bi suka shiga sana'ar ɗab'i, da matsayin da aka ajiye su, da yadda aikinsu ya riƙa sauyawa duk lokacin da aka sami sabuwar na'ura. Yawancin misalan daga Birtaniya aka ɗauko su, saboda dalilai biyu. Na farko, a can ne ƙungiyoyin ma'aikata da masu maɗaba'u suka bar rubutaccen tarihin gardamar da aka yi a kan wannan batu. Na biyu, tsarin maɗaba'ar boko da muka sani a ƙasar nan daga hannun Ingilishi muka karɓe shi. Tambayar da ake son amsawa ita ce: me ya sa mata suka daɗe a cikin wannan sana'a, suna da yawa kuma, amma hawa sama ya yi musu wuya?

2.0 Yadda Aikin Maɗaba'a Ya Kasu

Kafin a fahimci gardamar, wajibi ne mai karatu ya san yadda aikin yake a da. Tun daga wajen shekarar 1450, lokacin da Johannes Gutenberg ya fara buga littafi da baƙaƙen ƙarfe a garin Mainz na Jamus, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, yadda aka kasa aikin bai sauya sosai ba. Ya kasu kashi uku.

Kashi na farko shi ne jera baƙaƙe. Kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka zuba da dalma haɗe da wasu ma'adinai. Ana ajiye su a cikin wani faffaɗan akwati mai ɗakuna, kowane harafi da ɗakinsa. Mai jerawa yakan tsaya gaban akwatin, yana duban rubutun marubuci, yana tsintar haruffan ɗaya bayan ɗaya yana jera su a juye, yana daidaita tazarar da ke tsakanin kalmomi har layi ya cika cif. In shafuka sun haɗu sai a ɗaure su cikin wani firam na ƙarfe. Bayan an gama bugawa kuma sai a warware, a mayar da kowane harafi ɗakinsa. Aiki ne mai bukatar iya karatu, da sanin ƙa'idojin rubutu, da saurin hannu.

Kashi na biyu shi ne bugawa, watau shafa tawada da danna takarda a kan baƙaƙen. Kashi na uku shi ne ƙarasawa: ninke takardu, da tattara su bi da bi, da ɗinkewa, da sa bango.

A nan ne aka fara raba maza da mata. Kashi na farko da na biyu an ɗauke su sana'a ce cikakkiya, wadda ba mai shigarta sai ya yi zaman koyo na shekara bakwai a hannun ubangida, an rubuta yarjejeniya an sa hannu. Ninkewa da ɗinki kuwa, inda mata suka fi yawa, an ɗauke su aikin hannu ne kawai, ko da yake su ma sai an koya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A sana'ar tufafi ta gargajiya mace ce ke kaɗa zare a cikin gida, amma rini, inda riba da suna suke, na maza ne, har a marinar da ke Ƙofar Mata a Kano. Abin lura shi ne, wanda ke riƙe da ikon ɗaukar ɗan koyo, shi ke riƙe da sana'a.

3.0 Ƙofa ta Farko: Gado da Aure

Mata sun shiga ɗab'i tun yana jariri. Tsakanin 1476 da 1484 an yi wata maɗaba'a a gidan ibadar mata masu zuhudu na San Jacopo di Ripoli a birnin Fulorans na Italiya, kuma littafin lissafin gidan ya nuna cewa matan sun yi aikin jera baƙaƙe. A 1484 wata mata mai suna Anna Rügerin ta buga littattafai biyu a Augsburg ta Jamus, da sunanta a jiki.

Amma babbar ƙofa a wancan zamani ita ce ta gado. Maɗaba'a a cikin gida take, maigida da iyalinsa da yaransa duk wuri ɗaya suke kwana su tashi. Matar gida takan riƙe lissafi, ta sayar da littattafai, ta duba kurakurai. In miji ya rasu, dokokin ƙungiyoyin masu sana'a a Faransa da Ingila sun yarda matarsa ta ci gaba da riƙe maɗaba'ar. Ta haka Charlotte Guillard ta shahara a birnin Faris. Ta auri masu maɗaba'a biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan rasuwar na biyun a 1537 ta riƙe gidan ita kaɗai har ta rasu a 1557, tana buga manyan littattafan addini da na shari'a da harshen Latin.

Wannan ƙofa tana da iyaka, kuma labarin Mary Katharine Goddard ta Amurka ya nuna iyakar. Ɗan'uwanta William ya kafa jarida a Baltimo, ya bar mata a 1774 ya tafi wata hidima. Ta riƙe jaridar cikin shekarun yaƙin neman 'yanci, ta kuma zama shugabar gidan waya na garin a 1775. A watan Janairu na 1777 ita majalisa ta ba aikin buga takardar shelar 'yancin Amurka, bugu na farko mai ɗauke da sunayen waɗanda suka sa hannu. Duk da haka, a 1784 ɗan'uwan nata ya dawo ya karɓe jaridar. A 1789 kuma aka cire ta daga gidan waya, wai aikin zai bukaci tafiye-tafiyen da suka fi ƙarfin mace, ko da yake 'yan kasuwar garin fiye da 200 sun rubuta takardar neman a bar ta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Matsayin da aka samu ta hanyar miji ko ɗan'uwa riƙo ne, in mai abu ya zo sai a tashi.

4.0 Ƙofa ta Biyu: Maɗaba'un Mata

Da masana'antu suka bunƙasa a ƙarni na 19, sai maɗaba'a ta fita daga gida ta koma ma'aikata. Wannan ya toshe ƙofar gado ga yawancin mata, domin yanzu wurin aiki daban, gida daban. Ƙungiyoyin ƙwadago na masu jera baƙaƙe kuma suka yi ƙarfi, suka ƙi yarda a ɗauki 'ya mace koyo.

Sai wasu mata masu ilimi a Landan suka ce tun da an hana su shiga, bari su gina tasu. A 1859 aka kafa wata ƙungiya ta samar wa mata aikin yi. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Emily Faithfull, ta buɗe maɗaba'a mai suna Victoria Press a watan Maris na 1860, ta ɗauki 'yan mata tana koya musu jera baƙaƙe. Maza kaɗan ta ɗauka domin juya inji da ɗaukar kaya masu nauyi. Aikin gidan ya yi kyau har a 1862 Sarauniya Victoria ta naɗa ta mai yi mata ɗab'i. Bayan haka, Emma Paterson, wadda ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin mata ma'aikata a 1874, ta kuma haɗa kan mata masu ɗinkin littafi a wannan shekara, ta kafa wata maɗaba'ar ta haɗin gwiwar mata a 1876, ita kanta ma ta koyi jera baƙaƙe.

Waɗannan gidaje sun tabbatar da abu ɗaya, watau mace tana iya aikin. Amma ba su iya sauya sana'ar baki ɗaya ba, domin yarinyar da ta ƙware a can ba ta da takardar shaidar zaman koyo da sauran maɗaba'u suka yarda da ita. A 1886 ƙungiyoyin masu jera baƙaƙe suka yi taro suka yanke shawara mai baki biyu. Sun ce a ganinsu ƙarfin mace bai kai ga wannan aiki ba, amma za su karɓe ta a ƙungiya muddin ana biyanta daidai da namiji. A ido wannan adalci ne. A aikace kuwa rufe ƙofa ne, domin mai maɗaba'a ba ya ɗaukar mace sai don arha. In ta nemi cikakken albashi ba za a ɗauke ta ba, in ta karɓi rabi ta zama abokiyar gabar ƙungiya. Gaba kura, baya sayaki. Sai a 1892 ƙungiyar Landan ta karɓi mace ta farko, Jane Pyne, wadda ke aiki a maɗaba'ar William Morris.

A Amurka ma haka aka yi fama. A 1867 wata jaridar Niyok ta ɗauki mata lokacin da maza ke yajin aiki, da aka sasanta sai ta sallame su. Ɗaya daga cikinsu, Augusta Lewis, ta kafa ƙungiyar mata masu jera baƙaƙe a 1868, kuma a 1870 aka zaɓe ta sakatariyar wasiƙu ta babbar ƙungiyar masu jera baƙaƙe ta ƙasar.

5.0 Ƙofa ta Uku: Abin da Ya Faru a Edinbara

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar Edinbara, babban birnin Sikotilan, wanda ya shahara da buga littattafai. A ƙarshen 1872 maza masu jera baƙaƙe suka shiga yajin aiki suna neman a rage musu sa'o'in aiki. Yajin ya kai farkon 1873 bai yi nasara ba. Masu maɗaba'u suka fara ɗaukar 'yan mata waɗanda suka gama makaranta, masu iya karatu da rubutu, suna koya musu aikin. Ba su daina ba ko bayan da yajin ya ƙare. Kafin 1910 mata masu jera baƙaƙe a garin sun kai kimanin 800. Da hannunsu aka jera wani babban ɓangare na bugu na 11 na kundin ilimin nan, Encyclopaedia Britannica, wanda ya fito a 1910 zuwa 1911.

Sai dai ya kamata a dubi irin matsayin da aka ba su. Albashinsu rabin na maza ne, ko ma ƙasa da haka. Zaman koyonsu bai kai shekara bakwai ba, kuma ba a koya musu dukkan sassan aikin. Yawanci jera layuka tsagwaronsu ake ba su, a bar wa maza haɗa shafuka da ɗaure su a firam, watau aikin da daga shi ake zama shugaban sashe. Ana kuma sa ran yarinya za ta bar aiki in ta yi aure. Saboda haka mai maɗaba'a bai ga dalilin kashe kuɗi wajen horar da ita sosai ba, ita ma ba ta ga dalilin jure dogon koyo ba. Binciken da aka wallafa a 1904 mai suna Women in the Printing Trades, wanda Ramsay MacDonald ya shirya tun kafin ya zama Firayim Minista, ya nuna yadda zancen aure ke riƙe albashin mata a ƙasa a duk faɗin sana'ar.

A 1910 rikici ya tashi. Ƙungiyar maza ta nemi a daina ɗaukar mata kwata-kwata, ta yi barazanar yajin aiki. Matan kansu suka rabu biyu. Wasu suka kafa ƙungiyarsu, suka rubuta takardar koke suna cewa sun yi shekara kusan 40 a sana'ar, don haka suna da haƙƙi a cikinta. Wasu kuma suka goyi bayan maza, waɗanda sau da yawa iyayensu ne ko 'yan'uwansu. A ƙarshe aka yi sulhu tsakanin masu maɗaba'u da ƙungiyar maza: matan da ke aiki za su ci gaba, amma ba za a ɗauki sabuwar 'yar koyo ba har ƙarshen watan Yuni na 1916, kuma sababbin na'urorin da za a sayo maza ne za su riƙe su. Wa'adin ya cika, ba a sake buɗe ƙofar ba. Ba a kori kowa ba, amma an yanke saiwar. Matan suka ci gaba da aiki suna tsufa, ba masu gadonsu, har sana'ar ta ƙare a hannunsu. Siân Reynolds ta tattara tarihinsu a littafinta Britannica's Typesetters na 1989.

A lokacin yaƙin duniya na farko da na biyu an sake kiran mata su riƙe wuraren mazan da suka tafi fagen fama, bisa sharaɗin cewa za su tashi in masu wurin sun dawo. Haka kuwa aka yi.

6.0 Na'ura da Sauyin Aiki

Hujjar da aka fi kafawa wajen hana mata ita ce nauyin ƙarfe da illar dalma ga lafiya. In da wannan ce ainihin hujjar, da zuwan na'ura ya kashe gardamar. Amma ba haka ya faru ba.

A 1886 jaridar New York Tribune ta fara aiki da na'urar Linotype, wadda Ottmar Mergenthaler ya ƙera. Mai aiki da ita a zaune yake, yana danna madannai 90, na'urar tana zuba layi guda cur da narkakkiyar dalma. Mutum ɗaya yana yin aikin da a da sai mutum uku ko huɗu. A daidai wannan zamani ne tafireta ta bazu a ofisoshi, ta kuma zama aikin mata. Ganin haka sai ƙungiyoyin maza suka tsaya tsayin daka cewa ba mai taɓa Linotype sai wanda ya gama zaman koyon shekara bakwai, suka kuwa yi nasara. Jerin madannanta ma ya bambanta da na tafireta, don haka ƙwarewar mai buga tafireta ba ta da amfani a kanta.

Na'ura ta biyu, Monotype, wadda Tolbert Lanston ya ƙirƙiro, ta raba aikin gida biyu: madannai a ɗaki ɗaya suna huda doguwar takarda, injin zuba dalma a wani ɗakin. Daga baya aka mai da jerin madannanta irin na tafireta. Babu nauyi, babu zafi, babu dalma. Matan Edinbara sun ƙware a kanta, kuma tsoron kada ta zama tasu ɗungum yana cikin abin da ya ta da rikicin 1910.

Daga shekarun 1960 zuwa 1970 sai aka koma jera baƙaƙe ta hanyar hoto, daga nan kuma kwamfuta ta shigo. Jaridar New York Times ta yi bankwana da dalma a watan Yuli na 1978. A Birtaniya an yi dokar daidaita albashi a 1970, da dokar hana nuna bambancin jinsi a 1975. Cynthia Cockburn, a littafinta Brothers na 1983, ta bayyana yadda tsofaffin masu jera baƙaƙe suka ji kamar an rage musu daraja da aka sa su zama gaban madannan tafireta, domin a wurinsu wannan aikin mata ne. A 1985 aka fito da manhajar PageMaker da injin LaserWriter, wanda ya sa mutum ɗaya a ƙaramin ofis zai iya tsara littafi sukutum. Mata suka shiga aikin da yawa. Sai dai sun shiga ne a lokacin da albashinsa ya faɗi, ƙungiyar da ke kare shi kuma ta raunana. Wannan shi ne abin da ya riƙa maimaita kansa: ana buɗe wa mata aiki a lokacin da darajarsa ta fara sauka.

7.0 Waɗanda Suka Hau ta Gefe

Tun da tsanin da ke cikin ɗakin jera baƙaƙe a tsare yake, matan da suka yi nisa a wannan sana'a yawancinsu sauya aiki suka yi, suka hau ta wani gefen. Misalai huɗu sun isa.

Na farko, Beatrice Warde, Ba'amurkiya, ta fara aiki a ɗakin karatu na wani kamfanin ƙera baƙaƙe. A 1926 ta wallafa bincike a kan asalin wasu tsofaffin baƙaƙen Faransa, amma da sunan namiji, Paul Beaujon. Kamfanin Monotype na Ingila ya ga aikin ya yaba, ya nemi marubucin ya zama editan mujallarsa a 1927, sai ga mace ta bayyana. Ta zama shugabar sashen yaɗa labarai na kamfanin, ta riƙe har 1960. Ilimi ne ya kai ta, amma sai da ta ɓoye sunanta kafin a saurare ta.

Na biyu, Gudrun Zapf von Hesse ta Jamus ta fara ne da koyon ɗinkin littafi a garin Weimar. Daga yi wa bango ado da rubutu ta koma zanen baƙaƙe, har wani kamfani a Frankfurt ya ƙera salon baƙaƙenta mai suna Diotima a farkon shekarun 1950. Ta rasu a 2019 tana da shekara 101.

Na uku ba mutum ɗaya ba ne. A ma'aikatar Monotype ta Salfords a kudancin Ingila, a da akwai ofishin zane wanda yawancin ma'aikatansa mata ne. Su ne ke karɓar zanen mai ƙirƙira, su faɗaɗa shi, su auna, su daidaita, su ƙara haruffan da bai zana ba, har ya zama abin da inji zai iya ƙerawa. Salon Times New Roman, wanda jaridar The Times ta fara aiki da shi a 1932, wanda kuma ɗalibanmu ke buga kundayensu da shi, ya ratsa wannan ofis. Amma sunayen maza ne ke jikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 'yan shekarun nan masu bincike a Jami'ar Reading suka tono tarihin waɗannan mata.

Na huɗu, Brenda Dean ta fara aiki tana 'yar shekara 16 a matsayin mai buga tafireta, ta shiga ofishin ƙungiyar ƙwadago a Mancesta. Ta bi matakai har ta zama babbar sakatariyar ƙungiyar SOGAT a 1985, mace ta farko da ta shugabanci babbar ƙungiyar ma'aikatan masana'antu a Birtaniya. Ba a yi shekara ba sai ga babbar jarrabawa. A watan Janairu na 1986 Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa huɗu zuwa sabuwar ma'aikata a unguwar Wapping ta Landan, ya sallami ma'aikata fiye da 5,000 da suka shiga yajin aiki, cikinsu har da mata akawuna da masu shara. Aka yi shekara guda ana dambarwa, ƙungiyoyin suka sha kaye a 1987. Watau mace ta kai ƙololuwar shugabanci a daidai lokacin da tsohuwar sana'ar ke rushewa.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

A ƙasar Hausa ɗab'in boko ya kafu ne a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan Kamfanin NNPC a 1966. Mata sun fara fitowa fili ne ta ɓangaren rubutu da aikin jarida. Littafin Hafsatu Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, ya fito a 1980. Bilkisu Yusuf ta zama editar Sunday Triumph a Kano a 1983, sa'an nan editar New Nigerian a 1987. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma, da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka yi suna, mata da yawa kuma suka riƙa kai littattafansu maɗaba'a da kuɗinsu, suna kula da bugu da rarrabawa.

Amma akwai wasu matan da ba a ambatonsu. Duk malamin jami'a ya san shagunan buga takardu da ke kewaye da makarantunmu, ya kuma san cewa 'yan mata da yawa ne ke zaune gaban kwamfutocin. Aikin da suke yi shi ne ainihin aikin mai jera baƙaƙe na da. Na sha karɓar kundin ɗalibi in tarar an buga ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, har ma'ana ta ɓaci. In na bincika sai in tarar ba wanda ya taɓa koya wa mai bugawar ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma da yawan shafi ake biyanta, ba da kyan aiki ba. Ba ta da takardar shaida, ba ta da matakin da za ta hau, kuma ga shi ɗalibai sun fara buga abinsu da kansu a waya da kwamfuta. In ba ta koyi tsara shafi, ko zanen bango, ko gyaran rubutu, ko riƙon kasuwanci ba, aikin zai gudu ya bar ta, kamar yadda ya bar matan Edinbara.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ba ƙarfin jiki ne ya tsare mata a ƙasan wannan sana'a ba, ba kuma rashin basira ba. Abubuwa uku ne: hana su cikakken zaman koyo mai takardar shaida, da ɗaukarsu saboda arha, da zaton cewa aure zai raba su da aiki. An kuma ga cewa sabuwar na'ura ba ta gyara wannan da kanta, domin mutane ne ke yanke shawarar wanda zai zauna gabanta. Waɗanda suka yi nisa kuwa su ne waɗanda suka san fiye da sashe ɗaya na aikin, har suka iya sauya wuri da kiɗa ya sauya.

Saboda haka akwai aiki a gaban sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Ya kamata su haɗa kai da kwalejojin kimiyya da fasaha masu koyar da ɗab'i, a shirya gajerun kwasa-kwasai na ƙa'idojin rubutu da gyaran rubutu da tsara littafi, masu takardar shaida, a lokacin da matar aure za ta iya halarta. Ya kamata kuma masu wallafa su riƙa rubuta sunan wanda ya buga da wanda ya tsara a cikin littafi. Daga ƙarshe, muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun bincike da su shiga maɗaba'un Zariya da Kano da Kaduna da Sakkwato, su yi hira da matan da suka yi aiki a cikinsu, su rubuta abin da suka ji tun masu labarin suna raye.